Tazargade da Ɗan'uwansa na Ƙasar Sin

A cikin kwallar kakata, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai da salla, akwai wani ƙulli na tsohon ƙyalle da ba ya rabuwa da wurin. Idan ta kwance shi, ɗakin kan cika da wani ƙamshi mai kaifi wanda ke shiga hanci ya sauka har maƙogwaro. Tazargade ne. Da shi take yi wa jariri dauri, da shi take turara ɗakin mai jego, shi take jiƙawa idan mura ta kama wani, kuma idan damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai a gonakin da ke kewaye da duwatsun Dutse, sauro ya yi sarauta, shi ne abu na farko da take miƙa wa hannu in an ce jikin yaro ya yi zafi.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare ƙanwata ta kwanta, tana da shekara uku. An jiƙa mata tazargade, an yi mata sirace da ganyen darbejiya. Zazzaɓin ya sauka da safe, ya dawo da la'asar. Haka aka yi kwana uku muna cewa da sauƙi. A dare na huɗu ta fara jijjiga, idanunta suka kakkafe, mahaifinmu ya saɓe ta a kafaɗa ya fita ko takalmi bai tsaya nema ba. A asibiti aka yi mata wata allura ta jijiya, aka ƙara mata jini, kwana biyu bayan haka ta buɗe ido ta nemi koko. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta yi faɗa sosai a kan jinkirin da aka yi, ta ce jiƙe-jiƙen gida ne ke ƙarar da yara. Kakata tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakin, ba ta ce uffan ba. Ta haifi tara, ta binne huɗu kafin su isa yaye ko jim kaɗan bayansa, kuma duk a irin wannan lokaci na shekara.

Sai da na shiga jami'a, ina laluben wani abu dabam a ɗakin karatu, na gano cewa allurar da ta ceci ƙanwata a daren nan daga jikin wani ganye aka samo asalinta, kuma ganyen ɗan'uwan tazargade ne na jini. Ma'aikaciyar jinyar da kakata, waɗanda suka yi wa juna kallon hadarin kaji, ashe dangi ɗaya na tsiro kowaccensu ta dogara da shi. Tambayar da ta hana ni sakat tun daga ranar ita ce: me ya sa ɗaya ya kasa, ɗaya ya yi aiki?

Masana tsirrai suna kiran wannan dangi Artemisia, kuma yana da ɗaruruwan iri a duniya, galibinsu masu ɗaci da ƙamshi. Wanda ya yi suna a cikinsu shi ne Artemisia annua, wanda Sinawa ke kira qinghao, ana furta shi kusan kamar "cinhau". Ciyawa ce mai siraran ganye, takan fi tsayin mutum, tana fitowa a gefen hanya da kufai ba tare da an shuka ta ba. Ambatonta mafi tsufa da aka samu yana cikin wani kundin magunguna da aka rubuta a kan siliki, aka binne tare da wani ɗan sarauta a Mawangdui a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka tono shi a 1973. A can, maganin basir aka ce ita ce. Sai a ƙarni na 4 Miladiyya wani malami mai suna Ge Hong ya sanya ta a cikin wani ɗan littafin magungunan gaggawa da ya tsara domin talakan da ba shi da likita kusa. Ya ce a sami cikin hannu guda na ganyen, a jiƙa shi a ruwa, a matse, a shanye, domin zazzaɓin da ke zuwa yana komawa. Bai ce a dafa ba. Wannan ɗan bambanci ya yi shekara fiye da dubu ɗaya da ɗari shida a kwance cikin takarda kafin a sami wanda ya lura da nauyinsa.

Yaƙi ne ya sa aka lura. A shekarun 1960, a dazuzzukan Biyetnam, zazzaɓin cizon sauro yana kayar da sojoji ta kowane ɓangare, kuma kulorakwin, wanda duniya ta dogara da shi tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya fara kasawa a wannan yanki. Amurka ta sa masananta suka tace dubban ɗaruruwan sinadarai. Biyetnam ta Arewa kuwa ta nemi taimakon Sin. Ranar 23 ga Mayu, 1967, aka buɗe wani shiri na sirri a Beijin, aka raɗa masa sunan ranar, wato Shiri na 523, aka tara masana fiye da ɗari biyar daga cibiyoyi kusan sittin. Lokacin kuwa ana tsakiyar Juyin Juya Halin Al'adu, zamanin da ake kora malaman jami'a ƙauye su yi noma, ake kallon mai ilimi da ido na tuhuma.

A 1969 aka ɗora wa wata mata mai suna Tu Youyou jagorancin ayari ɗaya na shirin, a Cibiyar Nazarin Magungunan Gargajiya ta Beijin. Shekarunta 39 ba su cika ba. Ba ta da digirin dakta, ba ta taɓa karatu a waje ba. Ilimin haɗa magunguna ta yi, sannan ta ƙara da horo a kan maganin gargajiyar ƙasarta. An tura mijinta aikin karkara, don haka ta kai ƙaramar 'yarta wurin iyayenta a Ningbo, ta sa babbar a gidan reno. Ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafai da bakin masu magani, suka tattara haɗe-haɗe fiye da dubu biyu, suka gwada ruwan tsirrai kusan ɗari biyu a jikin ɓeraye masu ɗauke da cutar. Qinghao ya nuna alama sau ɗaya, sannan ya riƙa ba su kunya: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Saura kaɗan su ajiye shi.

Tu ta koma ga littafin Ge Hong, ta tsaya a kan maganar jiƙawa da matsewa. Ta yi tunanin ko zafin da suke amfani da shi wajen tatsar ganyen ne ke lalata abin da suke nema. Sai ta sauya hanya, ta yi amfani da eta, wani sinadari da ke tafasa a zafin da bai ma kai na jikin ɗan Adam ba. Ranar 4 ga Oktoba, 1971, samfuri mai lamba 191 ya kashe ƙwayoyin cutar gaba ɗaya a jinin ɓeraye, daga baya ya yi haka a jikin birai. A 1972, ita da abokan aikinta biyu suka fara shan maganin da kansu don a tabbatar ba guba ba ne, sannan aka kai shi tsibirin Hainan aka gwada a kan majinyata 21. Kafin ƙarshen shekarar sun fitar da tsantsar sinadarin, farin ƙanƙara-ƙanƙara, wanda duniya ta sani yau da atimisinin. Wasu ayarin a lardunan Yunnan da Shandong da birnin Guangzhou sun ba da gudunmawa babba wajen tace shi da gwada shi a kan masu zazzaɓi mai tsanani, kuma har yau akwai tsofaffin ma'aikatan shirin da ke ganin an tattara yabon an ɗora wa mutum ɗaya. Rubutun farko da aka buga a kansa a 1977 ba ya ɗauke da sunan kowa. Sai a 2015, tana da shekara 84, aka ba Tu Youyou kyautar Nobel.

A nan zan dawo da mai karatu gida, domin akwai wata daidaituwa ta shekaru da ta ba ni mamaki fiye da komai a wannan bincike. A shekarar da Tu ta karɓi aikinta, wato 1969, a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka fara wani gagarumin bincike a gundumar Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yau kuma take Jihar Jigawa a masarautar Ringim. Da ƙyar za ka sami ɗalibin sakandare a Dutse da ya taɓa jin labarinsa, alhali babu wani babban masanin zazzaɓin cizon sauro a duniya da bai san sunan Garki ba.

Dalilin zuwansu shi ne, shirin kawar da cutar daga doron ƙasa da hukumar ta ƙaddamar a 1955 ya yi nasara a wasu sassan Turai da Asiya, amma ya tsallake mafi yawan Afirka. Ana son a san ko feshi da magani za su iya katse yaɗuwarta a irin ƙasarmu. Ma'aikata suka shekara ɗaya da rabi suna auna komai kafin su taɓa komai: suna kama sauro a ɗakuna da dare, suna ɗibar jinin mutanen ƙauyuka bayan kowane mako goma. Suka tarar a wasu ƙauyukan, mutum ɗaya kan sha cizon sauro mai ɗauke da cutar fiye da sau ɗari a damina guda. A daminar 1972 da ta 1973 aka feshe ɗakuna a ƙauyuka 164 da maganin ƙwari, a wasu kuma aka haɗa da raba wa kowa da kowa ƙwaya, babba da yaro, mai ciwo da mai lafiya.

Ƙwayar cutar ta ragu ƙwarai a jinin jama'a, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma yaɗuwar ba ta katse ba. Wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake fita ya huta inda feshi bai kai ba. Mutane suna tafiya cin kasuwa da cirani, suna dawowa da cutar. Da aka tsayar da aikin, kafin a je ko'ina al'amura suka koma yadda suke. An kammala binciken a 1976, Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka wallafa littafinsa a 1980, kuma lissafin yaɗuwar cutar da aka gina da jinin manoman Garki har gobe ana koyar da shi a manyan makarantu. Motocin suka tafi, manoman suka ci gaba da zama da sauronsu. Ina yawan tunanin cewa a daidai watannin da ake feshe bukkoki a Garki, a can wata kusurwa ta duniya wasu mutane da ba su taɓa jin sunan Garki ba suna leƙen farin gari a cikin kwalba, kuma sai da aka yi shekara talatin da wani abu kafin garin nan ya iso hannun jikokin waɗanda aka ɗebi jininsu.

Shekarun jiran nan sun yi tsada. Ƙwayar cutar da ba ta jin kulorakwin ta shigo Gabashin Afirka a 1978, ta iso Nijeriya a shekarun 1980. Iyayenmu suna tuna kulorakwin da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa mutum ya kwana yana susa, amma kaɗan ne suka san cewa a shekarun 1990 sau da yawa suna sayen ƙaiƙayin ne kawai, maganin ya riga ya mutu. Mutuwar yara ta ƙaru a faɗin nahiyar. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja ranar 25 ga Afrilu, 2000, suka yi alkawarin rage mace-macen da cutar ke jawowa da rabi cikin shekara goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma ga haɗin atimisinin a 2001, Nijeriya ta mayar da shi maganin farko a hukumance a 2005. Me ya jawo jinkirin? Sirrin da Sin ta lulluɓe aikin da shi, da rashin yardar da ke tsakaninta da ƙasashen Yamma, da kuma kuɗi, domin sabon maganin ya ninka kulorakwin tsada sau goma ko fiye, masu ba da tallafi kuwa suka yi ta jan ƙafa. Allurar da aka yi wa ƙanwata, atisunet, sai a 2010 wani gwaji da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Nijeriya, ya nuna ta fi kwinin ceton rai da fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Da ciwon nata ya zo 'yan shekaru kafin haka, wata allurar dabam za a yi mata.

To, ina matsayin tazargadenmu a wannan labari? Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Sunan tazargade a kasuwa ba ya nufin iri ɗaya tak. Busasshen ganye ne mai ƙamshi daga dangin Artemisia, kuma akwai irin da Hutchinson da Dalziel, masu rubuta tsirran Afirka ta Yamma a zamanin mulkin Turawa, suka yi wa rajista da sunan Artemisia maciverae. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada wannan irin a jikin dabbobin gwaji, sun ga yana da tasiri a kan ƙwayar cutar, sun kuma ga alamun illa idan an yawaita shi. Ko a cikin qinghao na ainihi, yawan atimisinin yakan bambanta nesa ba kusa ba, daga ɗan mitsitsi zuwa fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na busasshen ganye, gwargwadon iri da ƙasa da lokacin yanka da yadda aka adana shi. Kakata ba ta yi kuskure ba da ta ga zazzaɓi yana sauka. Abin da ba ta da hanyar gani shi ne nawa ne ya mutu a cikin jinin, nawa ya rage yana hayayyafa. Sauƙin da muka riƙa gani da safe shi ya cinye mana kwana uku.

Ba na cikin masu cewa mu ba mu da Ge Hong. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da guda a kan basir, cutar da aka fara ambaton qinghao saboda ita, da wani a kan amfani da filasko. Malam Muhammadu Tukur na Matuzgi shi ma ya yi rubutu a fannin. A gidajen malamai daga Haɗeja zuwa Birnin Kudu akwai kundaye na Larabci da ajami da gara ke ci a cikin gafaka, cike da laƙani da sunayen itatuwa. Abin da muka rasa shi ne matakin da ya biyo baya: mutumin da za a ba albashi da ɗakin gwaji da shekaru, ya bi waɗannan kundaye layi-layi, ya gwada ɗari biyu, ya sami ƙarfin zuciyar zubar da ɗari da casa'in da tara. Wannan ɓangaren na labarin Tu Youyou shi ne masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa ba sa faɗa. Sukan ce ko Turawa sun yarda da ganye. Ba sa cewa daga cikin dubban haɗe-haɗen da kakannin Sinawa suka rantse da su, kusan duka faɗuwa suka yi a gwaji. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin ba ya jin kunyar furfura.

Na ga yadda rashin wannan mataki ke aiki a 2020. A watan Afrilu shugaban Madagaska, Andry Rajoelina, ya fito da wani tsimi na Artemisia annua ya ce yana maganin korona. Ina gida a lokacin, an rufe makarantu, labarin mace-mace yana zuwa daga Kano da Haɗeja. Cikin 'yan kwanaki saƙonni suka cika WhatsApp cewa ai maganin Madagaska tazargade ne, na kuma ga da idona yadda ƙullin da ake sayarwa da kuɗi kaɗan ya yi tashin gwauron zabi a wurin 'yan koli. An kawo tsimin Abuja, Cibiyar Binciken Haɗa Magunguna ta Ƙasa ta duba shi, ba ta sami hujjar cewa yana warkar da korona ba. Wannan sanarwa ba ta yi rabin tafiyar da jita-jitar ta yi ba.

Asarar kuɗin ƙulli ɗaya ba komai ba ce idan aka kwatanta da haɗarin da ke ɓoye. Atimisinin yana da sauri: yana haɗuwa da ƙarfen da ke cikin jinin da ƙwayar cutar ta ci, ya tarwatsa ta daga ciki, amma cikin 'yan sa'o'i ya fice daga jiki. Shi ya sa ake haɗa shi da wani magani mai daɗewa wanda zai share ragowar, shi ya sa kuma ake cewa a sha na kwana uku cif. Duk wanda ya sha rabin kati ya ajiye saura don gaba, duk kemis ɗin da ya yanka kati ya sayar da ƙwaya biyu, duk wanda ya sha jiƙon da ke ɗauke da ɗan kaɗan na sinadarin, yana yi wa ƙwayar cutar horo ne a kan makamin da za a yaƙe ta da shi. An ga alamun turjiyar a yammacin Kambodiya a 2008, yankin da turjiyar kulorakwin ta faro. An tabbatar da ita a Ruwanda a 2020, sannan a Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya. Wanda ya san hanyar da kulorakwin ya bi ya mutu zai gane taswirar. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili a 2019 ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen Artemisia a matsayin shayi ko gari don maganin wannan cuta. Nijeriya kuwa ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya, don haka ranar da maganin nan ya kasa, a ƙofar gidajenmu za a fi shimfiɗa tabarmar makoki.

Yanzu da damina ta kama, mata masu hijabi da jaka sukan bi gida-gida a unguwarmu suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata. Idan na gan su sai in tuna Garki, in tambayi kaina wa ke biyan kuɗin, kuma me zai faru a daminar da ya ce ya gaji.

Kwanakin baya na zauna na ba kakata wannan labari tun daga kabarin Mawangdui har zuwa Nobel. Ta saurara tana ɓare gyaɗa. Da na kai inda Tu ta sha maganin da kanta kafin ta ba kowa, sai ta tsaya ta ɗago kai.

"Ita matar, 'ya'yanta sun rayu?"

Na ce sun rayu, su biyu.

"To, maigidan, ka ce ta san abin da take yi." Ta miƙa hannu cikin kwalla ta ɗauko ƙullin, ta gutsuro kaɗan ta zuba mini a tafin hannu. "Kai da ka yi boko, kai musu wannan su duba. In da abu a ciki su faɗa mini, in babu ma su faɗa mini."

Yana nan a cikin ambulan a aljihun jakata. Na je wurare biyu, a na farko aka ce injin ya lalace, a na biyu aka ce in rubuto takarda.